Yaron da Muke Kira Ɗan Ruwa



'Yan'uwa, a garuruwanmu na bakin ruwa, daga Warra zuwa Yawuri har Shanga, akwai maganar da ake yi ƙasa-ƙasa. Yaro ya shekara biyu wuyansa bai tsaya ba, bai zauna ba, yawu na dalala, sai a ce ɗan ruwa ne. Daga nan laifi ya koma kan uwa: wai ta je gulbi da almuru tana da ciki, aljani ya musanya mata. Wata ma har shawara ake ba ta, ta kai shi gaɓar ruwa ta ajiye ya koma wurin danginsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Akwai kuma masanan da aikinsu ke nan a ɗakin bincike: gano abin da ke cikin ƙwayoyin gado da yake hana ƙwaƙwalwar yaro girma yadda aka saba. Wasunmu na ganin shisshigi ne, wai abin da Allah Ya riga Ya rubuta, mene ne na tonawa? To, mai wannan aiki jayayya yake yi da ƙaddara?

Ni dai ina ganin a'a. Allah Ya ƙaddara abu, Ya kuma ƙaddara sababinsa. Bukhari da Muslim sun kawo labarin mutumin da matarsa ta haifi yaro baƙi, ya zo wa Annabi (SAW) yana zarginta a fakaice. Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, da yadda aka yi mai ruwan toka ya fito cikin jajaye. Mutumin ya ce wataƙila gado ne daga kakanni. Aka nuna masa ɗansa ma haka ne. Ka ga, da ilimin gado aka wanke mace daga zargi.

Irin wannan wankewa masu binciken suke yi. Mutum yana gadon kuromosom 46, wato ƙunshin bayanan halitta, 23 daga uba, 23 daga uwa. A 1959 masana a Faransa suka gano cewa masu lalurar Down, wadda wasu ke kira galahanga, 47 gare su, an sami ƙari a lamba ta 21. Babu ruwan aljani, babu ruwan wankan almuru. A 1999 likita Huda Zoghbi, haifaffiyar Beirut mai aiki a Amurka, ita da abokan aikinta suka gano ƙwayar gadon da ke jawo lalurar Rett, bayan shekara 16 tana nema. Yarinya ce za a haifa lafiya ƙalau, ta fara gwarancin magana, sai maganar ta ɗauke, hannu ya daina riƙe abu. Da a nan ne, me za mu ce? Jifa. Akwai ma wata lalurar gado da ake ganewa da ɗigon jini daga diddigen jariri, a sauya masa abinci tun da wuri, ƙwaƙwalwarsa ta tsira.

Kuma ba kowace lalura ce ta gado ba fa. Doguwar naƙuda, shawarar jarirai da sanƙarau duk suna taɓa ƙwaƙwalwa. Likita ne zai bambance, ba tsofaffin unguwa ba.

Amma ilimi amana ne, kuma nan ne nake jin tsoro. Na farko, a wasu ƙasashen Turai mafi yawan waɗanda gwaji ya nuna musu cikin mai lalurar Down ne zubar da shi suke yi. Binciken da ya kamata ya taimaki yaro ya zama hanyar hana shi zuwa. Darajar ɗan Adam ba ta rataya a kan kaifin basira ba. Wanda aka ɗauke wa alƙalami, ba a ɗauke masa mutunci ba.

Na biyu, kada mu bar zargin aljani mu koma zargin jini, a riƙa cewa "daga gidanku ne". Lalurori da yawa ba sa bayyana sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar, kamar dai sikila, inda kowane ciki yake da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Auren zumunci halal ne. Sai dai idan lalura tana maimaituwa a dangi, neman shawarar likita kafin ɗaurin aure hankali ne, ba raunin tawakkali ba.

Na uku, gare ka mai bincike: jinin da ke cikin kwalbarka na ɗan wani ne. Ka nemi izinin iyaye da harshen da suke ji, ka rufa musu asiri, kada ka yi alkawarin warakar da ba ka da ita.

Matashin da Allah Ya ba basirar kimiyya, ka shiga wannan fage da kyakkyawar niyya, muna bukatarka. Kai kuma mai irin wannan yaro, ka kai shi babban asibiti a Birnin Kebbi ko Sakkwato, ka fito da shi cikin mutane, ka kira shi da sunan da aka raɗa masa ranar suna.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa iyaye masu haƙuri da Aljanna. Wallahu a'alam.