Aibin icce da aibin hannu

Akwai wani irin ɓacin rai da mutum ke jin kunyar faɗa, domin abin da ya jawo shi bai kai a tara jama'a ba. Ba rasuwa aka yi ba, ba gobara ba. Mutum ne ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya ba da saƙo Kwatano ko Kano ko Faransa a sayo masa gita, irin marar lantarki wadda Faransawa ke kira busasshiyar gita, maƙwabtanmu na kudu kuma ke ce ma jita. Ranar da ta iso ya buɗe akwati, sai murna ta koma ciki. Fuskar katakon ba irin ta hoto ba ce: layukan sun yi faɗi a gefe, rabi ɗaya ya fi ɗaya haske, ga wani ratsi da ya keta wuya. Ya ɗora yatsa, ya ji tsirkiyoyin sun yi nisa da wuyan, sai ya danna da ƙarfi kafin sauti ya fito sarai. A numfashi ɗaya yake kawo ƙorafin biyu, yana cewa an cuce shi.

Amma ƙorafin nan biyu ba ƴan ɗaki ɗaya ba ne. Ɗaya yana kan aikin da hannun mutum ya yi ko ya bari, ɗayan yana kan abin da icce ya zama tun yana tsaye a daji. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mafi yawanmu ke karkatar da haƙurinsu: su haƙura da na farko, wanda ke da magani kuma ke da mai laifi, su ɗaga murya a kan na biyu, wanda sau da yawa ba ya da ko ɗaya daga ciki.

Mu fara da aikin hannu. Tsirkiyoyi shida na ƙarfe, idan an ɗaure su yadda ya kamata, suna jan jikin gita da nauyin da ya kai wajen kilo 70, dare da rana. Domin kada wuya ya rusuna, ana ratsa wani sandan ƙarfe a cikinsa, wanda ake iya matsawa ko sassautawa. Tsirkiyoyin kuma suna hawa ne a kan ƴan guntayen ƙashi ko roba guda biyu, ɗaya can kusa da kai, ɗaya a kan ciki, mai kama da abin da masu goge ke kira jaki. Waɗannan abubuwa uku su ne ke yanke hukuncin ko gita za ta yi taushin kaɗawa ko za ta ci yatsa. A mataki na 12, wanda shi ne tsakiyar tsawon tsirkiya, tazarar da aka saba nema tsakanin tsirkiya mai kauri da ƙarfen matakin ba ta wuce milimita 2 da rabi ba. Milimita ɗaya tak a kan haka ta isa ta mai da kiɗa azaba. Kuma da yake matakin nan a tsakiya yake, wanda ke son rage milimita 1 a wurin sai ya goge milimita 2 daga ƙasan jakin. Masana'antu da yawa sukan bar tazarar da ɗan tsawo da gangan, domin ragewa ta fi ƙarawa sauƙi, kuma ba su san ƙasar da gitar za ta je ba, balle hannun da zai riƙe ta.

Ke nan sabuwar gita mai tauri ba lalle ba ne ta zama mugunya. Aikinta ne ba a ƙarasa ba, kuma gwanin gyara yakan ƙarasa shi cikin sa'a ɗaya ko biyu. Amma ɗan koyo bai san haka ba. Yatsunsa na zafi, sai ya ɗauka laifin yatsun ne, ko kuwa Allah bai ba shi baiwar ba, ya yi ta daurewa har ranar da zai rataye gitar a bango ya manta da ita. Wannan ba haƙuri ba ne, ko da ya yi kama da shi. Haƙuri yana da daraja a kan abin da ya fi ƙarfin mutum. Jure abin da takardar gugar katako ke iya kawarwa rashin sani ne ya ari rigar haƙuri. Akwai ma inda shiru ke zama asara tsantsa. Idan jakin ya riga ya yi ƙasa ƙwarai amma tsirkiyoyi na nan sama, to wuyan ne aka dasa a karkace tun daga masana'anta. Idan wuyan ya murɗe, ko katakon da ke riƙe da jakin ya fara ɗagowa daga ciki, ko akwai tsaga, wannan aibi ne na gaskiya, kuma mai saye yana da haƙƙin ya mai da kaya ba tare da jin nauyin kowa ba.

Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da rarrabe irin wannan. Sun halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, suka ce in ya zo daidai da yadda aka siffanta shi, ciniki ya ɗauru. Sun kuma ba mai saye zaɓin mayarwa idan ya tarar da ɓoyayyen aibi mai rage daraja ko amfani. Tambayar da zamani ya ƙaro ita ce matsayin hoto. In mai sayarwa ya nuna hoton wannan gita da kanta, sannan ya aiko wata, ya saɓa alkawari. In kuwa hoton masana'anta ne, wanda aka ɗauki gita guda cikin dubbai don ta tsaya a madadin sauran, to abin da aka siffanta shi ne irin iccen da girma da ƙira. Ba wanda ya yi alkawarin layuka, domin ba wanda ke iyawa.

Mene ne ma layukan nan? Fuskar gita mai kyau ana yin ta ne da wani icce na ƙasashen sanyi da Faransawa ke kira episeya, wanda ake samowa daga Alaska da Kanada da duwatsun Turai. A can icce yana girma da sauri lokacin ɗumi, ya rage gudu idan sanyi ya gabato, don haka kowace shekara tana barin layi guda. Inda layuka suka matsu, shekarun ƙunci ne; inda suka buɗe, shekarun wadata ne. Fuskar gita ɗaya tana iya ɗauke da shekaru fiye da ɗari a jere. Ana tsaga katako guda gida biyu, a buɗe shi kamar littafi, a haɗa a tsakiya, a fere shi har ya koma wajen milimita 3 ko ƙasa da haka; shi ya sa wani lokaci rabi ɗaya ke mai da haske dabam da ɗayan, in ka juya gitar kuma su yi musaya. Mai ƙorafin cewa layukan ba su tafi daidai ba, a zahiri yana ƙorafi ne cewa shekarun iccen ba su zo iri ɗaya ba. Manomin da ya ga damina goma ba zai yi wannan mamaki ba.

Masu ƙera gita da hannu ba su cika dogara ga ƙidayar layuka ba. Sukan lanƙwasa katakon a hankali su ji taurinsa, su auna nauyinsa, su ƙwanƙwasa shi kusa da kunne. Wani abin dariya kuma shi ne, fuskar da ta fi kowace tsabta da daidaito sau da yawa ta gita mai araha ce, wadda aka yi da falle-fallen katako da aka manna, aka lulluɓe da siririn ɓawo mai kyan gani. Mai son tantancewa ya duba bakin ramin da ke tsakiyar ciki: in layukan sun gangara sun ratsa kaurin katakon, icce ne guda, in kuwa ya ga hawa-hawa, manni ne.

Tarihin sana'ar ma ya goyi bayan kunne. Antonio de Torres, mutumin Almeriya a ƙasar Sipaniya, wanda daga hannunsa gita ta sami siffar da muka sani, ya ƙera wata a 1862 wadda bayanta da gefunanta na kwali ne, fuskar kaɗai ce ta icce mai kyau. Tana nan a gidan tarihin kiɗa na Barsalona. A 1995 kuma Bob Taylor, mai masana'antar gita a Kaliforniya, ya ƙera wata da katakon dakalin ɗaukar kaya da aka yar a bayan masana'anta, don ya nuna cewa ƙira ta fi asalin icce tasiri.

Da a ce abin ya tsaya ga ɓacin ran mai saye, da ba a tsawaita magana ba. Amma ido yana da tsada, kuma ba mai idon ne ke biya ba. Allon da yatsu ke takawa a wuyan gita ana son yin sa da wani baƙin icce mai tauri na kurmin tsakiyar Afirka, ɗan uwan kanyar da muka sani. Shekara da shekaru kasuwa ba ta karɓar sa sai baƙi ƙirin, ba ratsi ba ɗigo. A 2011 masana'antar Taylor da wani kamfanin Sipaniya mai suna Madinter suka sayi Crelicam, wata ma'aikatar yanka wannan icce a Yawunde ta ƙasar Kamaru. Bisa ga abin da Taylor ya ba da labari, masu saran suka shaida masa cewa sukan kayar da itatuwa wajen goma kafin su sami ɗaya mai baƙar zuciya, domin ba a sanin launin ciki sai icce ya faɗi. Sauran tara, masu ratsin fari ko ruwan ƙasa, sai a bar su a kwance su ruɓe, tun da kuɗinsu bai kai wahalar fito da su daga kurmi ba. Taurinsu ɗaya, amfaninsu ɗaya. Daga nan ya yanke shawarar sayen mai ratsi a farashin baƙin, ya kuma sa shi a kan gitocinsa har da masu tsada. Ba sai an mai da shi waliyyi ba. Ɗan kasuwa ne, kuma shawarar ta yi daidai da bukatarsa. Sai dai lissafin yana nan yadda yake: kowane mai saye da ya yamutsa fuska don ya ga ratsi, ya ƙara wa mai gatari dalilin wuce icce tara da ya riga ya sare. Mu da ke bakin hamada, inda ake shari'a a kan gawo guda, ya kamata wannan lissafi ya fi damun mu fiye da kowa.

Wani zai ce: to ido ba ya da haƙƙi ke nan? Yana da shi. Wanda ya biya kuɗin abu mai kyau ya biya har da kyan, kuma makaɗi yakan fi ɗaukar abin kiɗan da ransa ke so ya kalla. Ba a raina wannan. Amma ya kamata a tambayi idon wa ya koya masa. Akwai wani zane da ke fitowa a kan episeya, kamar an yakushi katakon a gicciye, wanda a da masana'antu ke warewa gefe a matsayin nakasa; yau ana ƙara masa kuɗi, ana yi masa kirari. Iccen bai sake ba, idon ne aka sake wa tarbiyya. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a shari'a da labarin kasuwa gaskiya ne. A kan abin da aka yi shi domin a ji, barin gani ya kori ji zalunci ne ga abin da ga mai shi.

Ina ganin tushen takaicin ba a jikin gitar yake ba. A cikin watannin jira mutum ya riga ya ƙera wata a zuciyarsa, wadda ba ta da nauyi, ba ta cin yatsa, ba ta san zafi ko sanyi ba, kuma duk wadda ta fito daga akwati da waccan za a gwada ta. Ba gitar da za ta ci wannan gasa. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa da duniya ta sani yanzu, da guntun katako da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. Ba ina kawo shi ne don in yi wa talauci kirari ba, domin shi ma da ya sami ta gaske bai tsaya kan waccan ba. Abin lura kawai shi ne, wanda ya fara da sauti kafin hoto ba ya da wata gita ta cikin zuciya da zai yi wa ta hannu gori da ita. Shi ya sa nake ganin bai kamata a yanke wa sabuwar gita hukunci a makon farko ba, sai fa in aibin na mayarwa ne. A sa mata sababbin tsirkiyoyi, a kai ta a daidaita, a kaɗa ta wata guda, a ba wani ya kaɗa a saurara daga nesa, domin mai riƙe da gita yana bayan sautinta ne.

A ƙasarmu ma daidaitawar ba ta ƙarewa. Masana'antu suna haɗa gita a ɗakunan da danshin iska ke tsakanin kashi 45 zuwa 50 cikin 100. A Damagaram ko Maraɗi, daga hunturu zuwa bazara, danshi yakan sauka ƙasa da kashi 20, ya sake hawa idan damina ta kankama. Icce kuwa, ko bayan an sare shi an fere, bai daina sha da fitar da laima ba. Da rani fuskar gita takan faɗa, tsirkiyoyi su sauko har su riƙa ƙuza, bakin ƙarafunan matakai ya fito yana karce hannu, in aka yi sake katako ya tsage; da damina ciki ya kumbura, tsirkiyoyi su ɗaga. Gitar icce guda, mai tsadar, ita ce ta fi jin wannan wahala, ta manni ta fi ta juriya. Makaɗan ganga sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa suke shanya ganga a rana idan fata ta yi sanyi. Mai gita shi ma yakan ajiye tasa cikin akwati tare da jiƙaƙƙen soso a gwangwanin sabulu mai huji, nesa da rana da bayan mota, wasu ma sukan tanadi jaki biyu, dogo na rani da gajere na damina.