Bimbinin Safe: An Kwance Shi, Ina Zai Kwana?

Karatu: Markus 5:1-20

Mutumin ƙasar Garasinawa bai rasa masu ƙoƙari a kansa ba. An sha ɗaure shi da sarƙa da mari, shi kuwa ya tsinke ya koma makabarta, yana ihu yana raunata jikinsa da duwatsu. Mutanen garin sun yi iya abin da suka sani, abin da suka sani kuwa ɗauri ne.

Mu ma ba mu yi musu nisa ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun shiga wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Kada mu yi saurin nuna wa kowa yatsa, domin a shekarar ce ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton samun irin wannan ɗauri har a gidajen addu'a na Kirista. Uwar da ta kai ɗanta irin wannan wuri ba lalle muguwa ba ce. Gajiya ta yi, bayan an sayar da injin markaɗenta an sha tiramol da kodin da kuɗin. Binciken 2018 na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, ɗaya cikin huɗu mace ce. Ke nan iyayensu suna zaune tare da mu a benci kowace Lahadi, sun yi shiru don kunya.

Sai dai aya ta 15 ce ta fi tsaya mini a rai. Bayan Yesu ya fitar masa da aljanu, da mutanen suka tarar da mutumin makabartar a natse, da riga a jikinsa, hankalinsa ya dawo, ba guɗa suka yi ba. Tsoro ya kama su, har suka roƙi Yesu ya bar musu ƙasa. Sun saba da shi a makabarta, ba su tanadar masa wuri a cikin gari ba.

Ɗan'uwa, haka muke yi wa yaron da aka sallamo daga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko na Dawanau. Ya shigo majami'a, mata su jawo jaka kusa da jiki. Waya ta ɓace, shi ake fara kallo. Bakanike ya ce garejinsa ya cika. Wuri ɗaya tak ake masa maraba da fara'a, wato majalisar da ya baro, inda ƙwayar farko kyauta ce. (Ba ina cewa shaye-shaye aljani ba ne. Ciwo ne, yana bukatar likita da magani tare da addu'a.)

Mutumin ya so ya shiga jirgi ya bi Yesu, Ubangiji ya hana shi, ya tura shi gida wurin mutanensa. To, wanda gidan ne ya fara koro shi fa? Uba ya sake aure, uwa tana wani gari, ɗakin da yake kwana ya zama na ajiyar hatsi. Wani ma a hannun babansa ya fara ganin kwalba. A ce wa irin wannan yaro ya koma gida a tsaya nan, sallama ce kawai.

Ka lura, mutumin makabartar tsirara yake yawo a da, kamar yadda Luka ya faɗa, amma aka same shi da riga. Wani ne ya ba shi. Aikin ikkilisiya ke nan, kuma ba mai ƙyalƙyali ba ne: tabarma a zaure, tuwon dare, dattijon da zai tsaya masa wurin mai walda, 'yar zumuntar mata da za ta raka yarinya ganin likita. Yaron zai iya komawa ruwa bayan wata uku, hakan na faruwa sosai. Ka kulle kuɗinka, ka gindaya masa sharaɗi, amma kada ka kulle masa ƙofa.

Addu'a: Ya Uba, ka san yaron unguwarmu da nake sauya hanya in na hango shi. Ka ba ni ƙarfin hali in gaishe shi da sunansa yau, in tambaye shi inda yake kwana. A cikin sunan Yesu, amin.