Ƙullutu a Fata da Hukuncin Mutane

Akwai wata cuta ta gaɓɓai wadda likitocin Musulunci na dā suka kira niƙris, har Abubakar Ar-Razi ya keɓe mata risala sukutum. Cutar takan fara da dare a gindin babban yatsan ƙafa, ya kumbura, ya yi zafin da mai shi ba ya iya jure ko taɓawar mayafi. Idan aka bar ta ba magani kimanin shekara 10, sai ta ɓullo a fata: ƙullutu mai tauri a gefen kunne, ko a gwiwar hannu, ko a kan yatsu, wani lokaci ya fashe ya riƙa fid da wani abu fari kamar alli, a wasu mutane ƙalilan kuma ƙananan ƙuraje ne farare warwatse, nesa da kowace gaɓa.

A gari irin Kafanchan, inda mahaɗar jirgin ƙasa ta tara Fantswam da Bajju da Atyap da Hausawa da Fulani, masallaci na jin ƙararrawar coci, da wuya irin wannan hannu ya miƙa kuɗi a kasuwa ba a yi masa fassara ba. Wani ya ce kuturta ce, ya janye tabarmarsa. Wani ya ce jifa ne. Wani kuwa, da ya ke ya ji an ce giya na tayar da ciwon, ya yanke cewa burkutu ce ta tona asiri, Allah Ya rubuta zunubin bawa a jikinsa. Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna, domin ya ɗora hukuncin baɗini a kan zahirin da bai fahimta ba.

Haƙiƙanin al'amarin kuwa sananne ne. Tun 1679 wani masani mai suna Leeuwenhoek ya duba farin abin nan da madubin ƙara girma ya ga tsinke-tsinke ne, a 1848 kuma Garrod, wani likita a Landan, ya nuna cewa wani sinadari ne, yurik asid, ke yawaita a jini. A galibin masu ciwon ƙoda ce ba ta fitar da shi yadda ya kamata, sau da yawa ta hanyar gado; hanta da kayan ciki da yawan nama suna ƙara shi, haka ma wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Saboda haka limamin da bai taɓa kusantar giya ba yana iya kamuwa, mashayi kuwa ya tsufa da yatsu sumul.

To, ina hujjar mai hukunci? Suratul Hujurat ta hana yawan zato, kuma Musulmi da Kirista na wannan ƙasa duk sun san Annabi Ayuba, wanda jarrabawa ta ci jikinsa alhali yana cikin zaɓaɓɓun bayi. Ban musa cewa abin da mutum ke ci da sha yana da sakamako a jikinsa ba, wannan sunnar Allah ce cikin halitta. Amma sababi daban, uƙuba daban, kuma sanin na biyun ba a ba maƙwabci shi ba.

Abin da ke wuyan maƙwabci shi ne ya zauna da mutumin, su ci a kwano ɗaya, tun da ciwon ba ya yaɗuwa, sa'an nan ya raka shi asibiti a auna jini a duba ƙoda, domin akwai ƙwaya mai suna allopurinol wadda, idan aka lazimce ta bisa umarnin likita, takan narkar da ƙullutun sannu a hankali cikin watanni ko shekaru.