Wa Ya Ce Daji Matacce Ne?

Ranar kasuwar Ngong manyan motoci ne jere a bakin titin Garwa zuwa Ngaundare, ana yi musu lodin masara da gyaɗa. Yawancin gonakin da suka ba da wannan amfani daji ne a da. Tun shekarun 1970 ƙabilun Tufuri da Mafa da Giziga ke gangarowa daga jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru neman ƙasar noma, sai audugar kamfanin SODECOTON da madatsar ruwan Lagdo, wadda aka gama a 1982, suka ƙara jawo jama'a. Gatari ya yi ta nausawa kudu har ya tunkari gandun dajin Binuwai.

Malamin fiƙihu ba zai yi saurin ganin laifin mai gatarin ba. Hadisi ya tabbatar cewa duk wanda ya raya matacciyar ƙasa ta zama tasa, kuma a wurin Malikiyya sharar daji da haƙa rijiya da dashen itace duk rayawa ne.

To amma ƙasar matacciya ce? A dazuzzukan arewacin Kamaru ne baƙin karkandan yammacin Afirka ya yi zamansa na ƙarshe. An neme shi a 2006 ba a samu ko ɗaya ba, a 2011 aka ayyana cewa ya ƙare daga doron ƙasa. A 2012 mahaya dawaki daga Sudan suka kashe ɗaruruwan giwaye a gandun dajin Buba Njida. Ba namun daji kaɗai ba. A Bidzar, kusa da Figil, akwai zane-zanen da mutanen dauri suka sassaƙa a kan farin dutse, irin dutsen da ake fasawa don siminti da farar ƙasa. Wasu za su ce ai kayan arna ne, a bari su tafi. Marubucin nan bai yarda ba. Alƙur'ani ya yi ta umartar mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda ƙarshen magabata ya kasance, kuma ba a duba abin da aka riga aka niƙe. Kaburburan da aka fafe a duwatsun Hijir, garin Samudawa, suna nan tsaye. A 2008 suka zama wuri na farko a Saudiyya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya.

Shari'ar da ta halatta shara ita ce kuma ta zo da hima, wato filin da shugaba ke killacewa don amfanin jama'a. Manzon Allah (SAW) ya killace Naƙi'u, Sayyidina Umar ya killace Rabaza. Ke nan gandun daji ba bidi'ar Nasara ba ce, ko da yake Faransawa ne suka shata na Binuwai a 1932.

Sai dai akwai sharaɗin da masu kare daji ba su cika ambata ba. Umar ya umarci mai gadin himarsa da ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tare garken Ibn Aufu da na Ibn Affan, tunda su suna da gonaki da dabino da za su koma wa. A kewayen gandun dajin Binuwai da na Faro da na Buba Njida an juya lissafin: manyan yankunan farauta suna hannun 'yan haya masu kawo attajiran Turai su harbi ɓauna da gwanki, Bororon da shanunsa suka ƙetara iyaka kuwa tara ce ke jiransa.