Rumbun Ruwa a Kan Tsauni: Darasin da Ya Wajaba a Koya wa Yara

A watan Afrilu, sa'ad da rana take tsaka a Azare, da wuya a sami abin da ya fi ƙanƙara daraja a kasuwa. Mai sayar da ruwan sanyi yakan naɗe ta da buhu ya ɓoye a inuwa, gama ya san zafi ba ya ɗaga mata ƙafa. Ita ce ƙanƙarar da yaron ƙasar Katagum ya sani, sai kuwa wadda takan zubo da ruwan sama jefi-jefi ta kakkarya gero. Saboda haka in ɗalibi ya dawo daga makaranta ya ce an koya musu cewa ƙanƙarar da ke kan tsaunukan duniya tana narkewa, ba laifi ba ne mahaifinsa ya tambaya, ina ruwan mutumin Azare da wannan? Tambayar tana da nauyi, ta kuma cancanci amsa daga ilimi da Maganar Allah.

Rumbun da Allah ya gina

A wuraren da sanyi ya yi tsanani, dusar ƙanƙara takan zuba shekara bayan shekara ba ta narke ba. Sabuwa ta danne tsohuwa har ta daskare kamar dutse, kaurinta ya kai mita ɗari ko fiye, tana gangarowa daga tsauni a hankali kamar kogi mai nauyin tafiya. In bazara ta yi, sai ta riƙa narkewa kaɗan kaɗan tana ciyar da koguna a daidai lokacin da ba a ruwan sama. Aikinta aikin rumbu ne, a tara lokacin yalwa, a ɗiba lokacin rashi. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwan daɗin duniya yana ajiye a cikin ƙanƙara irin wannan da ta ƙarshen duniya, kudu da arewa. Miliyoyin mutane a Pakistan da Indiya suna noman rani da ruwan kogin Indus wanda ke samun ƙarfinsa daga gare ta.

A cikin Ayuba 38, daga aya 22 zuwa 30, Ubangiji ya tambayi bawansa ko ya taɓa shiga ma'ajin dusar ƙanƙara, ko ya san inda ƙanƙara take fitowa. Ayuba kuwa makiyayi ne mai raƙuma da tumaki, kamar attajiran karkarar Arewa. Duk da haka Allah bai ga ƙanƙara ta yi nisa da shi ba. Ya nuna masa ita domin ya gane cewa duniya ta fi gonarsa faɗi, Mai ita kuma ɗaya ne. Abin da ya isa a koya wa Ayuba ya isa a koya wa yaron Azare.

Rumbun yana yoyo

Afirka ma tana da nata rabon, a wurare uku: Dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya, Dutsen Kenya, da tsaunukan Ruwenzori a iyakar Uganda da Kwango. Kilimanjaro, mai tsawon mita 5,895, ya rasa fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙanƙararsa daga 1912 zuwa yanzu. A 2021 Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta yi gargaɗi cewa in aka ci gaba a haka, ƙanƙarar wuraren nan uku za ta iya ƙarewa a shekarun 2040. Ganin haka na faruwa a kowace nahiya ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2025 a matsayin shekarar kiyaye ƙanƙarar tsaunuka, ta kuma sa 21 ga Maris ta zama ranar tunawa da ita kowace shekara.

Dalilin narkewar ba ɓoyayye ba ne. Ƙona kwal da man fetur da gas, da sare dazuzzuka, suna ƙara iskar kabon a sararin sama. Iskar nan takan riƙe zafin da ya kamata ya fice, kamar bargo a kan mai barci. Kafin zamanin masana'antu yawanta wajen kashi 280 ne cikin miliyan, yau ya wuce 420. Shekarar 2024 ta fi dukan shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi.

Daga Kilimanjaro zuwa Kogin Jama'are

A nan wajibi ne malami ya faɗi gaskiya. Ko ɗigo ɗaya na ruwan ƙanƙarar tsaunuka ba ya shiga Kogin Jama'are. Ruwan sama ne daga tuddan Jos yake cika shi, ya bi ta Jama'are, ya wuce tsohon garin Katagum, wanda shi ne mazaunin sarauta kafin a koma Azare a 1916, ya haɗu da Kogin Haɗeja, su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi. Abin da ya haɗa kogin da tsaunin shi ne zafi guda. Zazzaɓi a goshi ake jin sa, amma jiki ne duka ba lafiya. Ƙanƙarar tsaunuka ita ce goshin duniya, inda ciwon ya fi saurin bayyana.

Duk ƙarin zafi na digiri ɗaya yakan sa iska ta ɗauki ƙarin danshi wajen kashi 7 cikin ɗari. Shi ya sa ƙasa take saurin bushewa, in kuma ruwa ya tashi zuba sai ya zubo da yawa a ɗan lokaci. Mutanen wannan yanki sun ɗanɗana duka biyun. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da Tafkin Chadi, mai faɗin wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye ƙwarai. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A watan Agusta 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum, a watan Satumba kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. Ba sauyin yanayi kaɗai ke da laifi ba. Toshe magudanan ruwa da shara, gini a kan hanyar ruwa, sare itatuwa da rashin gyaran madatsai duk suna da hannu. Amma zafin yana ƙara wa kowannensu muni. In gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, mai hankali yakan shafa wa nasa ruwa.

Amsa ga masu shakka

Akwai masu bi da ke cewa ai Allah ya yi wa Nuhu alkawari a Farawa 8:22 cewa shuka da girbi, sanyi da zafi ba za su daina ba, don me za a damu? Alkawarin gaskiya ne, ba zai kuwa faɗi ba. Amma bai sauke wa mutum nawaya ba. Allahn da ya yi alkawarin girbi shi ne ya nuna a Karin Magana 24 yadda gonar rago take cika da ƙaya har talauci ya auka masa. Tun a Farawa 2:15 aiki biyu aka ba Adamu a gonar Aidan, ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. 'Yan adam sun riƙe na fari da hannu biyu, sun yi sakaci da na biyu.

Waɗansu kuma sukan ce alamun ƙarshen zamani ne, ba abin da za a yi sai jira. Amma bawan da Yesu ya yaba a Matiyu 24 shi ne wanda maigida ya tarar a bakin aikinsa yana ba mutanen gida abinci a kan kari. Yusufu ma da ya san yunwa na tafe bai naɗe hannu ba. Ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar har shekara bakwai, ya ceci mutanen da ba su ma san Allahnsa ba.

Gaskiya ne Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga ƙona mai, itacen da za a dasa a Azare kuma ba zai tsai da narkewar Kilimanjaro ba. Ya kamata yara su san wannan rashin adalci, domin su iya magana a kansa idan sun girma. Amma itacen zai riƙe ƙasar gona, ya rage gudun ruwa, ya ba maƙwabci inuwa. Luka 16:10 ya nuna cewa a ƙaramin abu ake gane mai aminci.

Yadda za a koyar

Maimaitawar Shari'a 6 ta ɗora koyarwa a kan iyaye, a zaune cikin gida da tafe a hanya. Darasin nan ba ya bukatar kayan tsada. Uwa za ta iya sayen ƙanƙara biyu, a ajiye ɗaya a rana, ɗaya a ƙarƙashin darbejiya, yara su ga wadda ta riga narkewa. Malamin Makarantar Lahadi zai iya cika faranti biyu da ƙasa, ɗaya mai ciyawa ɗaya tsirara, ya karkata su ya zuba ruwa, su ga inda zaizaya take. Ɗalibin sakandare zai iya yanke gorar roba ya auna ruwan kowace rana ta damina ya rubuta a littafi. Kakanni kuma su zaunar da jikoki su faɗa musu inda fadama take a dā, da inda kuka da tsamiya da gawo suke tsaye kafin gatari ya bi ta kansu. Irin wannan miƙa labari daga tsara zuwa tsara ne Zabura 78 take nufi.

Yara suna bukatar labarin bege kuma. A ƙasar Maraɗi ta Nijar, daga 1983, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke gonaki suna da rai a ƙasa. Tare da manoma Hausawa aka koyi barin tohon da ya fi ƙarfi a sassabe sauran. Da wannan dabara aka maido da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Abin da aka yi a Maraɗi zai yiwu a Gamawa da Zaki da Shira, musamman da yake Bauchi na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa.

Matasa masu bi da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare su ne malaman gobe, ya kamata ikkilisiya ta ƙarfafa su su ɗauki wannan darasi da muhimmanci. Aikin kuma na haɗin hannu ne da maƙwabta Musulmi, gama ambaliya ba ta tambayar addinin mai gida kafin ta shiga. Irmiya 29:7 ya umarci mutanen Allah su nemi lafiyar garin da suke zaune a ciki, domin tasu lafiyar a cikinta take.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bari kowane gida na masu bi ya ba kowane yaro itace guda wannan damina, ya dasa, ya kewaye shi da ƙaya, ya shayar da shi har rani ya wuce. Ubangiji Mai sama da ƙasa ya ba iyaye hikimar koyarwa, ya ba yara zuciyar riƙon amana, ya kuma sa a tarar da ikkilisiyarsa da aminci a cikin gonar da ya danƙa mata. Amin.