Mu Haye Tun da Sauran Haske



Mu a ƙasar Daura ba mu da teku. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya, irin ta Kusugu, da na tafki, da na madatsai kamar ta Sabke. Duk da haka, a ranakun biki samari da yara sukan taru a bakin ruwa da la'asar, su shiga kwalekwale domin shan iska. Ruwa yana kwance, rana tana gangarawa, kowa yana raha. Amma wanda ya san damina ya san yadda hadari yake haɗuwa daga gabas, iska ta juya kafin mutum ya gama naɗe tabarma.

A watan Mayu na shekarar 2022 dukanmu muna nan. A kwanakin ƙaramar Sallah ta wannan shekara kwalekwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, mutane fiye da 10 suka rasu, yawancinsu yara. Watanni kaɗan kafin haka, a Nuwamba 2021, irin wannan ta faru a Bagwai ta jihar Kano, ta cinye ɗalibai da dama. Allah ya ji ƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Da waɗannan yara a zuciyarmu ya kamata mu saurari Bisharar Markus, sura 4, aya 35 zuwa 41, wadda Ikilisiya take karanta mana sau ɗaya a shekara uku, kuma takan faɗo a watan Yuni, daidai farkon daminarmu.

Abin da ake kira Tekun Galili tafki ne na ruwan daɗi. Tsawonsa wajen kilomita 21 ne, faɗinsa wajen 13, yana kuma cikin kwari, kimanin mita 210 ƙasa da bakin teku. Tuddai sun kewaye shi, saboda haka iska mai sanyi takan gangaro ta tarar da zafin kwarin, ruwa ya hautsine nan da nan. A shekarar 1986, da fari ya sa ruwan ya janye, aka tono wani tsohon jirgi daga cikin laka kusa da Ginosar. Masana sun ce na zamanin Ubangijinmu ne. Tsawonsa bai wuce mita 8 da 'yan kai ba. A cikin irin wannan ɗan jirgi ne Yesu ya ce wa almajiransa su haye da maraice.

Bitrus da Andarawas, Yakubu da Yohanna masunta ne, a kan ruwan nan suka girma. Amma da guguwa ta taso, ruwa ya fara cika jirgin, gwanintarsu ta ƙare. Yesu kuwa yana barci a bayan jirgi, ya ta da kai da matashi. Suka tashe shi da ƙorafi, suna ganin kamar bai damu da halakarsu ba. Ya tsawata wa iska, ruwa ya kwanta, sa'an nan ya tambaye su dalilin tsoronsu da inda bangaskiyarsu ta tafi.

Wane ne a cikinmu bai taɓa yin irin wannan ƙorafi ba? Manomin da ya shuka gero ruwa ya ɗauke, da uwar da ta kwana a asibiti, da iyalin da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensu, duk sun san daren da ake ji kamar Ubangiji yana barci. Bishara ba ta yi mana alkawarin cewa iska ba za ta juya ba. Alkawarinta shi ne, wanda iska take yi wa biyayya yana cikin jirgi ɗaya da mu, kuma kukan da aka yi masa cikin tsoro ma yana amsawa.

Sai dai kada mu mai da bangaskiya mafakar sakaci. A garuruwan bakin teku akwai masu fita yawon maraice da jirgin da iska take turawa ta wurin babban ƙyalle. Matuƙin kirki a cikinsu ba ya jayayya da iska. In ta yi ƙarfi, ya rage ƙyallen tun bai makara ba. In ta zo masa ta gaba, ya bi a karkace, hagu da dama, har ya isa. In ya ga alamar hadari, ya koma gaɓa ko da abokai suna gunaguni. Iska ta Allah ce, amma igiyar tana hannun mutum, kuma a kan abin da yake hannunmu za a tambaye mu.

Saboda haka nake roƙonku abubuwa uku. Iyaye, kada ku bar yaro ya hau ruwa ba tare da babba ba, kada kuma a hau bayan faɗuwar rana. Masu kwalekwale, kada kwaɗayin kuɗin mutum biyar ya sa ku ɗauki abin da ya fi ƙarfin jirgi, gama rai ba na sayarwa ba ne. Shugabannin majami'u da ƙungiyoyin mata da na matasa, ku je wurin masu unguwa da dagatai, ku nemi a samar da rigunan kariya a kowace mashiga. Rigakafi ya fi magani, doka ta biyar kuwa da ta hana kisa ta ɗora mana nauyin tsare rai.

Markus ya ambaci wani abu da mukan tsallake: akwai waɗansu jirage tare da su a daren nan. Guguwar ta same su duka, kwanciyar ruwan ma ta same su duka. Haka muke da maƙwabtanmu Musulmi. Ruwan Mai'aduwa bai tambayi addinin kowa ba, makokin kuwa namu ne baki ɗaya. Wannan ne marigayi Paparoma Francis ya tuna wa duniya da maraicen 27 ga Maris 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da ya tsaya shi kaɗai a dandalin Bitrus Mai Tsarki cikin yayyafi, ya yi wa'azi a kan wannan Bishara.

Diyosis ɗinmu ta Katsina, wadda aka kafa a 2023, ita ma ƙaramin jirgi ce da bai daɗe da barin gaɓa ba. Bari mu rage kayan ƙiyayya da gulma da suke yi mata nauyi, mu tuƙa tare, mu riƙa tashin Ubangiji da addu'a.

Budurwa Maryamu, Tauraruwar Teku, ki yi addu'a dominmu. Amin.