Gonar Wa Ke Hannunka?

Ya mai karatu, ka tuna da yunwar 2005? Fari da fara suka cinye amfanin 2004. A ƙasar Agye, da Gazawa, da Gidan Rumji, talakawa suka jinginar da gonakinsu domin hatsi. Wanda ya kasa biya, sai ya koma ɗan ƙwadago.

Haka aka yi a Urushalima a zamanin Nehemiya, ka duba sura 5. Manya suka riƙe gonakin 'yan'uwansu. Nehemiya ya tara su, ya ce su mayar a ranar nan, har da kuɗin ruwa. Suka kuwa mayar.

Kai fa, gonar wa ke hannunka? Kuɗinka hakkinka ne, ka nema. Amma ga damina tafe, 'ya'yansa ba su da wurin shuka.